A hukunta su kan abin da suka aikata, a ƙyale maganar cin amanar ƙasa

Duk sanda aka tado maganar mutanen da suka bar ƙasashensu suka tafi Siriya da Iraƙi suka shiga ISIS, sai kaji wani ya miƙe yana cewa ai magana ɗaya ce, a tuhume su da cin amanar ƙasa, a rataye na ratayewa a ɗaure na ɗaurewa kowa ya huta. Ni dai ban yarda da wannan ba, kuma tun kafin wani ya fara min kallon mai tausayin 'yan ta'adda bari in faɗa da wuri, ina so a hukunta su, hukunci ma mai tsananin gaske. Abin da nake ja dashi shine irin tuhumar da ake son rataya musu, da kuma hannun da wannan tuhuma zata faɗa ciki bayan an gama dasu.

Inda maganar tafi zafi shine Birtaniya. A watan Agustan 2014 ISIS ta saki bidiyon yanka ɗan jaridar Amurka James Foley, mai yankan ya rufe fuska amma turancinsa na Landan ne tsantsa, daga baya aka gane Mohammed Emwazi ne, yaron da ya tashi a Landan har yayi jami'a a can. A watan Oktoba suka yanka Alan Henning, wani direban tasi daga yankin Manchester, bawan Allah da ya bi abokansa musulmi a ayarin motocin agaji don kai wa 'yan Siriya kayan taimako, malamai da limaman Birtaniya suka yi ta roƙo a sake shi amma ina. To a wannan watan ne ministan harkokin wajen lokacin Philip Hammond ya faɗa wa majalisa cewa ana duba yiwuwar tuhumar waɗanda suka yi wa ISIS mubaya'a da cin amanar ƙasa. Wallahi duk wanda yaga abin da aka yi wa Henning bazai ga laifin masu fushi ba. Mutum kusan 900 ne suka tafi daga Birtaniya kaɗai, a duniya kuma ana maganar sama da 40,000 daga ƙasashe kamar 80, maza da mata har da yara.

Sai dai da aka je aka buɗe dokar da ake son amfani da ita sai aka tarar ta shekarar 1351 ce, zamanin sarki Edward na uku, ko da turanci ma ba a rubuta ta ba, da wani tsohon faransanci ne. A cikinta laifin shine ka ƙulla kashe sarki, ko ka keta haddin matarsa ko babbar 'yarsa da bata yi aure ba, ko ka ɗaura yaƙi da sarki a cikin ƙasarsa, ko ka koma ɓangaren maƙiyan sarki kana taimaka musu. Mutum na ƙarshe da aka rataye da ita shine William Joyce a watan Janairun 1946, wanda ya riƙa yi wa Hitler farfaganda da turanci a rediyon Jamus, kuma abin dariyar shi Joyce ɗin ma a New York aka haife shi, ba ɗan Birtaniya bane, fasfonsu ya samu ta hanyar ƙarya, da wannan fasfon aka kama wuyansa. Hukuncin kisa kan wannan laifi kuwa sun soke shi tun 1998, saboda haka masu cewa a rataye ko a can ɗin babu igiyar.

Babbar matsalar lauyoyi ita ce wa ake nufi da maƙiyan sarki. A yadda aka saba fahimta ana nufin wata ƙasa da ake yaƙi da ita, irin Jamus a 1939. To ISIS ƙasa ce? Ai abin da suka kwana suka tashi suna roƙon duniya ta yarda dashi kenan, sun buga kuɗinsu, sun yi tuta, sun sa mabiyansu suna yaga fasfo suna ƙonawa a gaban kyamara. Ranar da kotun Landan ta ce wane ya koma ɓangaren daular da muke yaƙi da ita, ranar an basu takardar shaidar da suka rasa, an ɗaga ɗan daba mai yanka direban tasi an mai dashi sojan wata daula. Sannan ga farfagandarsu da take cewa bazai yiwu ka zama musulmi kuma ɗan Birtaniya ko ɗan Faransa ba, dole ka zaɓi ɗaya, shari'ar da za a yi ta watanni ana tambayar wa kake wa biyayya ai ita ce irin dandalin da suke nema.

Amurka da tafi kowa zafin kai a yaƙi da ta'addanci ma bata bi wannan hanyar ba. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkinsu sun ga yadda sarakunan Ingila suke kashe abokan hamayya da wannan tuhuma, shi yasa suka ɗaure ta tamau, suka ce ba za a kama mutum da laifin ba sai da shaidu biyu da suka ga aiki ɗaya a fili, ko shi da bakinsa ya amsa a buɗaɗɗiyar kotu. A 2006 sun tuhumi Adam Gadahn, ɗan California da ya zama kakakin Alƙa'ida, da cin amanar ƙasa, karon farko tun shari'o'in da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, amma bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, jirgi mara matuƙi ne ya kashe shi a Pakistan a farkon 2015. John Walker Lindh da aka kama cikin 'yan Taliban a 2001 kuwa da wasu laifukan daban aka ɗaure shi shekara 20. Sauran ɗaruruwan shari'o'insu duk da dokar taimaka wa ƙungiyar ta'addanci suke yi, tana aiki, tana ɗaure mutane, ba sai an tono wata tsohuwar doka ba.

Ku duba abokan Emwazi su biyu, Alexanda Kotey da El Shafee Elsheikh. An kai su kotu a jihar Virginia, an tuhume su da garkuwa da mutane da haɗa baki wajen kisa, waɗanda suka tsira daga hannunsu suka zo suka bada shaida ɗaya bayan ɗaya, iyayen waɗanda aka kashe suna zaune suna kallonsu, a 2022 dukansu aka musu ɗaurin rai da rai. Me tuhumar cin amanar ƙasa zata ƙara akan wannan?

Amma shari'ar da tafi tsaya min a rai a Jamus aka yi ta. Wata bajamushiya da kotu ke kira Jennifer W. ta tafi Iraƙi ta auri wani ɗan ISIS, suka sayi wata mata Bayazidiya, wato daga Yazidawa, wata ƙaramar al'umma mai addininta daban a arewacin Iraƙi, da 'yarta 'yar shekara 5 a matsayin bayi, a garin Falluja a 2015. Yarinyar ta yi fitsarin kwance, sai mijin ya fitar da ita tsakar gida da tsakar rana, a zafin Iraƙi da yake kai maki 50, ya ɗaure ta a jikin ƙarfen taga ya barta a nan har ƙishirwa ta kashe ta, ita kuma matar gidan tana ciki bata yi komai ba. Uwar yarinyar ta rayu, ta zo har Jamus ta tsaya a kotu ta bada labarin da bakinta. A Oktoban 2021 kotun Munich ta ɗaure Jennifer shekara 10, daga baya aka ƙara ya koma 14, shi kuma mijin kotun Frankfurt ta masa rai da rai a Nuwamban 2021 kan kisan ƙare dangi, karon farko a duniya da wata kotu ta kama ɗan ISIS da wannan laifi akan Yazidawa. Yanzu dan Allah da cin amanar Jamus aka tuhumi matar nan, wa aka zalunta a takardar kotu? Gwamnatin Jamus. Yarinyar da uwarta sun koma bayanin gefe kenan. Mafi yawan waɗanda baƙin mayaƙan nan suka kashe suka yi wa fyaɗe 'yan Siriya ne da 'yan Iraƙi, mafi yawansu ma musulmi, mutanen Raƙƙa da Mosul da Sinjar, su ne masu haƙƙi, kuma tuhumar kisa da fyaɗe da bautarwa da laifukan yaƙi ita ce take ambatar sunansu.

Nasan hujjar ɗaya ɓangaren kuma ba ta banza bace. Suna cewa ƙasa ta haife ka, ta maka rigakafi, ta koyar da kai, ta baka fasfo da kake yawo dashi, ka ɗauki wannan fasfon ka tafi wajen masu harbin sojojinta da masu shirya tada bam a jiragen ƙasanta, wannan laifi ne na daban ko baka harba harsashi ko ɗaya ba, kuma ya kamata doka ta kira shi da sunansa. A 2018 ma wasu 'yan majalisar Birtaniya daga manyan jam'iyyun biyu sun goyi bayan a sabunta dokar ta shafi ƙungiyoyi ba ƙasashe kaɗai ba, hukuncin ya zama rai da rai. Na yarda butulci ne, babba ma. Sai dai shiga ƙungiyar kansa laifi ne a dokar da ake da ita, karɓar horo laifi ne, tara musu kuɗi laifi ne, shirin tafiya ma laifi ne, tun Satumbar 2014 ƙuduri mai lamba 2178 na Kwamitin Sulhun Majalisar Ɗinkin Duniya ya wajabta wa kowace ƙasa ta mai da irin wannan tafiya laifi. In hukuncin ne ya yi kaɗan a ƙara shekarun mana.

Abin da yake hana ɗaure su tun farko rashin hujja ne. Cikin kusan 400 da suka koma Birtaniya, gwamnatin da kanta ta faɗa cewa kamar 40 ne kawai aka iya gurfanarwa, saboda kowa ya dawo sai yace shi direban motar asibiti ne ko mai dafa abinci, mata kuma suce muna cikin gida bamu san komai ba, kuma wanda zai ƙaryata su yana kabari ko yana sansanin gudun hijira. Sauya wa tuhuma suna bazai haifar da shaida ba. Aikin da yake haifar da ita mai wahala ne kuma ba ya kawo tafi a majalisa, tattara takardun albashi da rajistar mayaƙa da ISIS ta bari, buɗe wayoyi da kwamfutoci, tono kaburbura, nemo matan da aka bautar a basu kariya su yi magana. Jamusawa wannan suka zauna suka yi.

Sai kuma tambayar da masu wannan ra'ayi basa son a yi musu, wa zai riƙa faɗin wane ne maƙiyi, kuma na tsawon wane lokaci? A shekarun 1930 dubban turawa sun tafi Sifaniya yaƙi da Janar Franco da ya yi wa gwamnatin ƙasar tawaye, ba da izinin gwamnatocinsu ba, yau gumakan tunawa dasu ake ginawa. A shekarun 1980 wanda ya tafi Afganistan yaƙi da Tarayyar Sobiyet gwarzo ne a idon Amurka da Saudiyya, bayan shekara 20 wasu daga cikinsu su ake nema ruwa a jallo. Turawan da suka shiga mayaƙan Kurdawa na YPG don yaƙar ISIS ɗin, jiragen ƙasashensu ne ke basu kariya ta sama, amma Turkiyya da take ƙawarsu a NATO tana kiransu 'yan ta'adda, wasu da suka koma gida har kotu aka kai su. A 2022 ministar harkokin wajen Birtaniya Liz Truss ta fito talabijin tace tana goyon bayan duk wanda zai tafi Yukiren yaƙi. Na baya bayan nan ma yafi ban mamaki, Ahmed al-Sharaa da aka sani da Jolani, wanda ya jagoranci reshen Alƙa'ida a Siriya, Amurka ta sa dala miliyan 10 akan kansa, a Disambar 2024 ya kori Assad, aka janye ladan, a watan Mayun 2025 gashi a Riyad suna musabaha da Trump. To yaron da ya bi ƙungiyarsa a 2014 da an masa rai da rai kan taimakon maƙiyi, yau sai a ce masa me? In ya kashe farar hula laifinsa na nan daram ko Sharaa ya zama shugaban ƙasa ko bai zama ba. Tuhumar da ta dogara da wanda gwamnati take gaba dashi a bana ita ce take tashi aiki da zarar siyasa ta juya.

Mu a nan ma bai kamata a tsaya ana mana dogon bayani kan haɗarin wannan tuhuma ba, mun ganta da idonmu. Dokar Najeriya kisa ta tanada kan cin amanar ƙasa, rai da rai kan laifukan da suke kusa dashi, to a lissafa waɗanda aka fi jefa da ita. Awolowo a 1963, shekara 10, sai da Gowon ya zo ya fito dashi daga kurkukun Kalaba a 1966. Abiola a 1994 don yace shi ya ci zaɓen 12 ga Yuni, a tsare ya mutu a 1998. Shehu Musa 'Yar'aduwa da Obasanjo a 1995 kan zargin juyin mulki, 'Yar'aduwa bai fito da rai daga gidan yarin Abakaliki ba. Sowore a 2019 don ya kira zanga zanga, aka yi shekaru ana jan shari'ar kafin gwamnati ta janye. A Nijar sojojin da suka hamɓarar da Bazoum a Yulin 2023 ko wata ɗaya basu yi ba suka ce shi zasu tuhuma da cin amanar ƙasa, wato wanda aka ƙwace mulki a hannunsa shine maci amanar, a Yunin 2024 aka cire masa rigar kariya. Ko kana son Bazoum ko baka sonsa, ka ga dai wanda bindiga take hannunsa shi yake rubuta takardar tuhuma.

Sannan ranar 1 ga Nuwamban 2024, wannan kam duk ɗan arewa mai waya ya gani. Aka shigo da mutum 76 babbar kotun tarayya a Abuja, da yawansu yara ne ƙanana da aka kwaso daga Kano da Kaduna lokacin zanga zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, sun yi wajen wata uku a tsare, ƙasusuwan wuya duk a waje, riguna sun musu yawa, ana cikin zaman huɗu suka yanke jiki suka faɗi a ƙasan kotu suna murƙususu, lauyoyi na ɗaga su, aka kawo biskit yara suna wawaso. Cikin tuhumar da aka karanta musu har da cin amanar ƙasa, wasu don sun ɗaga tutar Rasha wadda da yawansu ko a taswira ba zasu nuna maka ita ba, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Sai da duniya ta yi caa sannan shugaban ƙasa ya bada umarni a sake su bayan kwana uku. Yanzu a wannan ƙasar ne wani zai zo yace a faɗaɗa tuhumar ta kama duk wanda aka ce yana da alaƙa da mayaƙan waje? Haba malam. Ba Shekau zata kama ba, shi har ya mutu a 2021 ba a taɓa tsayar dashi gaban alƙali ba duk da mubaya'ar da ya yi wa shugaban ISIS Bagadadi a Maris 2015. Ɗan acaɓan da aka tsare a daji aka tilasta masa kai buhun shinkafa zata kama, da mutumin ƙauyen Tangaza ko Gudu da Lakurawa suka karɓi zakkar shanunsa da bakin bindiga.

Kuma ba doka muka rasa ba. Akwai dokar yaƙi da ta'addanci tun 2011, aka gyara a 2013, aka sake sabuwa a 2022, hukuncinta har kisa yana kaiwa. Da ita ake shari'ar 'yan Boko Haram a barikin Kainji tun Oktoban 2017. Matsalar Kainji ita ce an tara mutane sama da dubu, wasu sun shekara da shekaru a tsare, shari'ar farko a ɓoye aka yi ta, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi ta ƙorafin ana gama shari'ar mutum cikin 'yan mintuna kuma hujjar kusan duk amsa laifi ce, ɗaruruwa aka sallama don babu abin da za a riƙe su dashi, matan da aka sace aka aurar da ƙarfi kuwa ba a ga an kira su sun tsaya sun nuna wanda ya musu ba. A gefe guda ga shirin tubabbu na Malam Sidi a Gombe tun 2016, wanda har yau mutanen Bama da Gwoza suke tambayar ta yaya wanda ya ƙona gidanka zai dawo da jari kai kana sansani. Masu kuɗin fa? Sai da kotun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya 6 kan tura wa Boko Haram kuɗi sannan muka ji sunaye. Duk wannan gyaransa masu bincike ne da lauyoyin gwamnati da suka san aiki da kariya ga shaidu, babu ko ɗaya da sabuwar tuhuma zata magance.

Akwai wani abu kuma da ba a cika kawowa ba, iyaye. Umar Faruk Abdulmutallab ya tafi Yaman wajen Alƙa'ida, ranar Kirsimetin 2009 ya yi yunƙurin tada bam a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit, yanzu haka rai da rai yake yi a Amurka. Makonni kafin abin mahaifinsa da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja yace ɗana ya canza ku taimaka, su ne suka yi sakaci. Uba ko uwa ko yaya su suke fara ganin yaro ya daina cin abincin gida, ya fara kafirta limamin unguwa, yana ɓoye waya. In suka san kai rahoto na nufin igiya, wallahi mafi yawa shiru zasu yi suna addu'a, kuma ba zan ga laifinsu sosai ba.

Abin da ƙasashen Turai da dama suka koma yi a maimakon shari'ar ma ya fi ban haushi, wato soke wa mutum zama ɗan ƙasa a barshi can. Shamima Begum tana 'yar shekara 15 ta bar gabashin Landan da ƙawayenta biyu a Fabrairun 2015, a 2019 wani ɗan jarida ya tsince ta a sansanin al-Hol na Siriya da tsohon ciki, ministan cikin gida Sajid Javid ya soke mata takarda yace ai iyayenta 'yan asalin Bangaladash ne, Bangaladash tace bata san zancen ba yarinyar ko taka ƙasar bata taɓa yi ba. 'Ya'ya uku ta haifa duk sun mutu. Kalamanta na farko babu nadama a ciki, ni ma sun bani haushi, to a kawo ta kotun Landan a bincika me ta aikata, wa ya yaudare ta tana ƙaramar yarinya, wa ya tsallakar da ita iyakar Turkiyya. Haka suka yi wa Jack Letts, wani matashi da shima ya tafi Siriya mai takardar Birtaniya da ta Kanada, suka soke tasu suka bar wa Kanada, har Kanada ta fito tana ƙorafi. Wannan ai share tsakar gidanka ne ka tura sharar ƙofar maƙwabci, maƙwabcin ma wanda gidansa ya riga ya ƙone. Kuma dabarar akan 'ya'yan baƙi kawai take aiki, wanda kakanninsa duk turawan Ingila ne babu inda za a tura shi, kaga an samu 'yan ƙasa kala biyu kenan. Faransa ta so saka irin wannan a tsarin mulkinta bayan harin Paris na Nuwamban 2015, ministar shari'a Christiane Taubira ta ajiye aiki akai, ƙarshe shugaban ƙasar na lokacin Hollande ya haƙura a Maris 2016. A nan tsarin mulkin Najeriya ya yi abin kirki, sashe na 30 bai ba shugaban ƙasa ikon ƙwace zama ɗan ƙasa daga wanda aka haifa ɗan Najeriya ba.

Barinsu a can ɗin kuma ba tsaro bane. Shi kansa Bagadadi a kurkukun Amurka na Bucca a Iraƙi ya zauna a 2004, a irin wuraren nan aka ƙulla zumuncin da ya haifi ISIS. A Janairun 2022 'yan ISIS sun kai hari gidan yarin Hasaka a Siriya don fasa shi aka kwashe kwanaki ana gwabzawa, mu ma a Yulin 2022 muka ga yadda aka fasa Kuje a bakin Abuja. Waɗanda aka miƙa wa Iraƙi kuma shari'ar minti goma ake musu a yanke kisa, a 2019 Faransawa 11 aka yanke wa haka, mai dafa abinci da mai yanka duk hukunci ɗaya, ba wanda ya tambaye su ina matan Sinjar da har yau ba a gani ba. Kazakistan da Kosovo da basu kai su Birtaniya kuɗi ba sun kwaso nasu a 2019, suka ɗaure mazan da aka samu da laifi, yaran suka sa su makaranta.

Ga masu kawo addini a maganar, tarihinmu ma akwai abin dubawa. Haɗib ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana tona shirin tafiya buɗe Makka, aka kama wasiƙar a kitson wata mata a hanya, Sayyidina Umar ya nemi izini ya sare wuyansa, amma Manzon Allah (SAW) sai da ya kira shi ya tambaye shi me ya kai shi, ya saurari uzurinsa na iyalansa da suke Makka babu mai kare su. Sayyidina Ali kuma bai yaƙi Khawarijawa don sun fita daga biyayyarsa suna kafirta shi ba, Ibn Abbas ya tura musu ya yi muƙabala dasu dubbai suka dawo, sai da ragowar suka fara zubar da jinin mutane sannan aka haɗu a Naharawan.

Wuri ɗaya ne nake ganin tuhumar ta zauna daidai, wanda ya yi rantsuwa ya sa kaki ko ya riƙe ofis, ƙasa ta damƙa masa makami ko sirri, sannan ya sayar wa masu kashe abokan aikinsa. Shi akwai amanar da aka bashi hannu da hannu, akwai takardar da ya sa wa hannu, ba sai an yi ta hasashen abin da ke zuciyarsa ba. A 2016 rundunar sojin Najeriya da kanta ta amsa cewa akwai jami'anta da suke sayar wa Boko Haram makamai da harsasai. Irin waɗannan a yi musu shari'a a buɗe, a faɗi sunayensu da muƙamansu da adadin abin da suka sayar da wanda ya saya, a bar matan sojojin da aka kashe su shiga su zauna su ji.